Yadda ake koyon kasuwanci a ƙungiyar ɗalibai kafin a bar jami'a

A 2006 gwamnatin tarayya ta umarci jami'o'in Najeriya, ta hannun hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da su wajabta darasin sana'a da dogaro da kai, aka kuma fara daga zangon karatu na 2007/2008. Duk wanda ya shiga jami'a bayan nan ya zauna a wannan aji, ya haddace siffofin ɗan kasuwa, ya juye su a takardar jarrabawa. Ba raina darasin nake yi ba. Amma malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai ba shi da halin ya danƙa wa kowa naira 20,000 ya ce je ka juya, ka dawo mini da lissafi. Ƙungiyar ɗalibai tana da wannan halin. Ni ma'aji na riƙe a tamu, yau kuma ɗan shagon ɗab'i gare ni a Kano, ina buga riguna da katin biki da takardun makarantu, kuma yawancin abin da nake cin abinci da shi a can na koya. Sai dai ka sani tun yanzu, ƙanena, wanda ya sayi fom ya karɓi riga ya koma gefe ba ya tashi da komai. Wanda kuɗi da kaya da mutane suka bi ta hannunsa shi ke fita da ilimin.

Wacce za ka shiga

A makonnin farko na shekarar karatu za ka ga tebura a bakin ɗakunan lakca, kowace ƙungiya da fostarta. Akwai waɗanda aka kafa don kasuwanci zalla. Enactus tana cikin waɗanda suka fi daɗewa. A Amurka aka fara ta a 1975 da sunan SIFE, ta sauya suna a 2012, tana kuma da rassa a manyan makarantu da dama na Najeriya, har da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Tsarinta shi ne ɗalibai su ɗauki wata matsala da ke damun jama'a su magance ta da sana'ar da za ta riƙe kanta, sannan su je gasar ƙasa, waɗanda suka ci su wakilci ƙasar a gasar duniya. Akwai gasar Hult Prize, wadda ake fara tankaɗe da rairayarta a cikin jami'a, babbar kyautarta dala miliyan 1. Masu sha'awar kwamfuta kuma suna da ƙungiyoyin da Google ke ɗaure wa gindi, inda ake koyon haɗa manhaja.

Kada sunan ƙasar waje ya ɗauke maka hankali. Ƙungiyar sashenku, ko ta ɗaliban jiharku, ko ta addini, duk ana koyo a cikinsu in dai suna aiki. Wanda ya ɗauki nauyin buga wa 'yan ajin ƙarshe riguna 200, ya bi kowa ya karɓi kuɗi, ya yi ciniki da mai ɗab'i, ya raba ba a yi rigima kan wane ya samu ƙarama wane ya samu babba ba, wallahi kasuwanci ya yi. Haka wanda ya shirya buɗa-baki a watan azumi, ya san kwano nawa na shinkafa zai ishi jama'ar, da wa zai dafa, da inda za a samo ruwa.

In ka tsaya gaban teburinsu, tambaya ɗaya ta isa: "Bara me kuka sayar, kuma ina lissafinsa?" In suka zaro waya suka fara nuna maka hotunan taron ƙara wa juna sani, kowa cikin kwat yana riƙe da takardar shaidar halarta, ka yi musu godiya ka wuce. In ɗayansu ya sosa ƙeya ya ce sun yi sabulun ruwa sun faɗi, ya kuma iya gaya maka nawa suka faɗi da dalili, to nan za ka zauna.

Ka kuma tabbatar tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami uban ƙungiya da tsarin mulki a rubuce. Kariya ce gare ka, don hukumomin makaranta ba sa wasa da taron da ba su san da zamansa ba, saboda fitinar ƙungiyoyin asiri. Wadda kuwa ta ce ka zuba kuɗi ka kawo mutum biyu kuɗinka ya ninka, ka je ka tambayi yayyenka yadda waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, wani tsari irin wannan, suka kwana a Disambar 2016.

Ranar rabon muƙamai kowa shugaba yake so, don shi ke riƙe lasifika. Kai ka nemi ma'aji, ko sakataren kuɗi, ko ka shiga kwamitin sayo kaya, ko na neman tallafi. Ba a cika ja-in-ja a kansu ba, don wahala ce da zargi. In sabon shiga ne kai, ka maƙale wa wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu, ka riƙa ɗaukar masa jaka zuwa kasuwa.

Cinikin farko

Ku fara da ƙaramin abu, wanda za a saya a cikin makaranta, wanda kuma in ya lalace ba wanda zai rasa kuɗin rajista. Kasuwar jami'a tana da lokutanta. Sababbin ɗalibai suna neman bokiti da kwaɗo da fitila da filo. Lokacin jarrabawa ana neman abin sha mai sanyi da buga tsofaffin tambayoyi. Ƙarshen shekara ana neman riguna da hoto da ɗaure kundin bincike. Kafin ku kasa komai ku nemi izini a rubuce, don makarantu da yawa suna da ƙa'idar sayar da kaya a harabarsu, kuma masu gadi ba sa sauraron "ban sani ba".

Bari mu ɗauki zoɓo, tunda kusan kowace ƙungiya da shi take farawa. Kuɗin da zan ambata misali ne, farashin yau ba shi ne na gobe ba. A ce za ku yi roba 100. Zoɓo da citta da kanumfari da sukari sun ci naira 9,000, robobi 5,000, ƙanƙara 3,000, kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa 2,000, gas 1,000. Jimla 20,000 ke nan, kowace roba ta tsaya muku a 200. Kun sa mata 300. A wurin taro wani zai miƙe ya ce ribar 10,000 ce, a tafa.

To ga abin da ke faruwa a zahiri. 'Yan ƙungiyar da suka yi aikin sun sha 10, don "ai namu ne". Wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta narke, 8 sun yi tsami kafin la'asar ɗin washegari. Abokai sun ɗauki 12 a kan za su turo. Saura 70 aka sayar kuɗi hannu, naira 21,000. Ribar da ke cikin jaka 1,000 ce, kuma ba a biya kowa ladan tsayuwa a rana ba. Da tun farko kun raba 20,000 da 300, da kun san sai kun sayar da roba 67 kafin ku mai da uwar kuɗi, da kuma ba wanda ya isa ya sha kyauta kafin a wuce wannan adadin. Wannan ɗan rabawar ita ce abu na farko da nake yi har yau kafin in karɓi kowane aiki a shago. A aji an koya mana ita da zane a allo, amma ba ta zauna mini ba sai da na ƙirga kuɗin zoɓo da hannuna.

In an faɗi, a zauna a wannan makon a duba inda kuɗin ya zurare, a sake yi. Zagaye na biyu da na uku su ne karatun. Ƙungiyoyi da yawa suna yin abu sau ɗaya, su ɗauki hoto, su koma wani sabo.

Littafin ma'aji

Ka sayi littafi mai bangon kwali, irin na masu tireda. Ka ja layi shida a kowane shafi: rana, abin da aka yi, shiga, fita, saura, sa hannu. Ko naira 100 ta ɗan dako ce ka rubuta a lokacin, kada ka bari sai dare. Duk wanda ya karɓi kuɗi daga hannunka ya sa hannu, ko da shugaba ne, musamman ma shugaba. Rasit kuma a manna shi a bayan shafin. Inda ba a ba da rasit, kamar wurin mai ƙanƙara, mutum biyu su je, su biyun su sa hannu. Kana iya kwafe komai a waya ko kwamfuta daga baya, amma littafin shi ne asali, don shi ba ya mutuwa saboda caji, kuma in an goge abu ana gani.

Kuɗin ƙungiya kada ya kwana a asusunka na kanka. Ranar da gida suka yi jinkirin turo maka na abinci, zuciya za ta ce ara kawai za ka yi. A buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu. Banki zai nemi takarda daga makaranta, uban ƙungiya ne zai taimaka a nan. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa ya koma tura kuɗi ta waya, don haka a kafa doka: ba a sakin kaya don an nuna hoton tura kuɗi, sai an ga ya shiga.

Maganar bashi ita ce mai wuya, don masu cin bashin abokan ajinka ne, wasu ma ɗaki ɗaya kuke kwana. A nan ƙungiya ta fi kasuwancin mutum shi kaɗai sauƙi, don kana da mafaka: "Wallahi ba nawa ba ne, na ƙungiya ne, ranar Asabar za a karanta sunaye." Ka saba da faɗin haka kana murmushi. Wanda ya koyi hana abokinsa bashi ba tare da sun ɓata ba ya koyi abin da ke rufe shagunan mutane da yawa. Kowane wata ka karanta lissafi a gaban taro, ko ba wanda ya tambaya.

Shiga kasuwa

In a Kano kake karatu, kana zaune kusa da malaman da ba sa karɓar kuɗin makaranta. Kayan masarufi a Singa, yadi da atamfa a Kantin Kwari, robobi a Ƙofar Wambai, waya da kayanta a Farm Centre, hatsi da riɗi da zoɓo a Dawanau. Zoɓon nan da ɗalibai ke rainawa daga irin waɗannan kasuwanni ake loda shi ana fitarwa har ƙasar Meziko. Kowane gari yana da nasa wuraren sari, ka tambayi masu shagunan cikin makaranta inda suke sarowa.

Kada ku shiga da takardar tambayoyi da biro a hannu. Ɗan kasuwa yana ganin haka zai ɗauka jami'an haraji ne. Ku shiga a matsayin masu saye, ku biyu, ku gaishe shi yadda ya kamata.

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa. Ɗalibai ne mu, muna so mu ɗan fara sari."

"Katan nawa?"

"Biyu, Alhaji."

"Biyu ai ba sari ba ne, samari. Amma ku zauna."

Wannan "ku zauna" ɗin ita kuka zo nema. Ku saya tukuna, ku biya, sannan ku tambaya: in mun ɗauki goma nawa zai tsaya? Wanne ya fi tafiya? Sau da yawa shi da kansa zai ce kada ku ɗauki wancan, kwantai za ku yi. Ku duba ranar lalacewar kaya a jikin katan kafin ɗan dako ya ɗora a kai. Ku taya a shago uku kafin ku tsaya a ɗaya, amma in kun tsaya ku riƙe shi, ku riƙa dawowa wurinsa. Bayan 'yan watanni, in ya ga ba ku saɓa magana, shi zai fara cewa ku ɗauka in kun sayar ku kawo. Ranar da kuka ce za ku kawo, ku kawo, ko da aro za ku yi ku cika. A kasuwa wannan yardar jari ce, ta kuma fi duk takardar shaidar da ƙungiya za ta ba ka amfani.

Neman tallafi

Yanzu da ni ake kawo wa irin waɗannan takardu, na gane abin da ke sa a jefa su a aljihun tebur. Shafi uku na tarihin ƙungiya, sannan a ƙarshe "muna neman duk abin da Allah ya hore". Ba wanda ke da lokacin wannan. Ku rubuta shafi ɗaya, da sa hannun uban ƙungiya da lambar wayarsa. Ku faɗi takamaiman abin da kuke so: katan 10 na ruwa, ko buga fosta 50, ko aron kujeru. Kaya sun fi kuɗi sauƙin bayarwa. Ku faɗi abin da mai bayarwa zai samu: sunansa a kyallen taro, ko tebur da zai kasa hajarsa a gaban ɗalibai. Bayan taro ku koma da takardar godiya da hoto da bayanin yadda aka yi da abin. Ƙalilan ne ke komowa, su ne kuma nake sake ba wa ba tare da dogon zance ba.

Gasa tana da amfani, ba na musu. Tana koya maka ka tsaya gaban alƙalai ka bayyana sana'arka cikin 'yan mintoci, ka amsa tambayar da ba ka shirya mata ba. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce wa ya taɓa biyan ku kuɗi a kan wannan abu. Mai littafi yana da amsa. Haka in ka zo cike fom ɗin gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000, za ka tarar ana tambayar ciniki da kashe kuɗi, abin da ke rubuce a littafinka. Amma akwai 'yan gasa, waɗanda ke yawo daga wannan zaure zuwa wancan da bayani ɗaya a majigi, shekara uku ba su sayar da ko tsinke ba. Kada ka zama cikinsu.

Ke kuma ƙanwata, ɗakunan kwanan mata kasuwa ce da maza ba su isa su shiga ba: lalle, turaren wuta, humra, ɗinki, cincin, dambun nama. Ki yi amfani da ita. Amma in an zo rabon aiki kada ki yarda a tura ki kwamitin girki kawai a ce an gama da ke. Ki nemi littafin kuɗi, ki shiga tawagar zuwa kasuwa. Ki sa a tsayar da lokacin taro kafin magariba, zuwa neman tallafi kuma kada ki je ofishin kowa ke kaɗai.

In abin ya kama

Matsalar da ta fi raba abokai ba faɗuwa ba ce, riba ce. Sana'a ta fara kawo kuɗi, sai a fara tambayar ta wace ce: ta ƙungiya, ko ta mutum huɗun da suka sha rana? A rubuta wannan tun ba a ga ko kwabo ba. Fiƙihunmu ma ya tanadi tsari. In ƙungiya ta ba da jari wasu suka yi aiki, mudaraba ke nan: a yanke kason riba tun farko, kaza bisa ɗari na masu aiki, kaza na ƙungiya, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi tana kan mai jari, masu aiki sun yi asarar wahalarsu. In kowa ya zuba kuɗi, musharaka ce, asara tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Shafi ɗaya ya isa, kowa ya sa hannu, uban ƙungiya ya shaida.

Kada ku yi gaggawar rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, alhali ba ku da masu saye. In sun samu, har kuna son asusun banki na kasuwanci ko kwangila daga ofis, sai ku yi rajistar sunan kasuwanci, ku kuma yi ta SMEDAN, hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Abin ci ko sha ko shafawa da aka ƙulla a mazubi za a kai shaguna yana buƙatar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ku san da wannan kafin ku buga takardar manna wa kwalba.

Ku tuna kuma kasuwar jami'a tana iya watsewa dare ɗaya. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ko ba yajin aiki akwai hutu. Don haka kada ku tara kayan da ke lalacewa, kuma ku nemi masu saye a unguwannin da ke kewaye da makaranta tun ana zaman lafiya. Lokacin jarrabawa shi ne na ciniki, shi ne kuma na karatu, sai a yi jadawali: mai jarrabawa gobe ba ya tsayawa a tebur yau. Iyayenka digiri suka turo ka nema, ƙungiyar da ke sa ka maimaita kwas ta ci riba da kai.

Saura miƙa ragama. Ka fara jan wani ɗan aji biyu a jiki tun zangon farko na shekararka ta ƙarshe, ka kai shi wurin Alhajin da kuke sari ka gabatar da shi baki da baki. Ranar miƙawa a ƙirga kuɗi da sauran kaya a gaban taro, a sauya masu sa hannu a banki a wannan makon, a ba sabon ma'aji littafi da rasitai da lambobin masu sari da sunayen waɗanda ake bi bashi. Kafin ka ba da littafin ka ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye naka, saboda ranar da wani zai ce kuɗi sun ɓata a zamaninka, da kuma ranar da banki ko mai ba da jari zai tambaye ka ko ka taɓa riƙe lissafi.